Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu binciken kumburin jijiya da masu rubuta mana ƙa'idar kanula

Zuwa ga malamai masu bincike a kan kanula da ƙarin ruwa, da kwamitocin da ke tsara ƙa'idojin da muke aiki da su a gefen gadon majinyaci.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe ina aiki a ɗakin kwantar da manya, kuma kanular da na sa da hannuna, wato siririyar robar da ake zurawa cikin jijiyar jini don ƙarin ruwa ko ba da magani, ta wuce lissafi. Ina bin abin da kuke fitarwa gwargwadon hali. Na ƙaru da shi, har akwai abubuwan da na daina yi saboda aikinku. Amma akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini rai, wani dattijo ne kuma ya sa na ga bai kamata in ci gaba da riƙe ta a ciki ba.

An kwantar da shi da ciwon huhu, ana ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. Kanular tana bayan hannunsa na dama, tun a sashen gaggawa aka sa masa ita. A dare na biyu ya kira ni ya ce, "'Yata, wurin nan yana mini zogi in kun tura magani." Na haska fitila, na leƙa ta cikin filasta. Ban ga ja ba, ban ga kumburi ba, ruwa kuma yana sauka lafiya. Na ce masa, "Baba, maganin ne mai zafi, ka yi haƙuri, zai lafa." Na rubuta maki 1 a takardarsa, ma'ana a ci gaba da lura, kamar yadda aka koya mini. Ban kai hannu na taɓa wurin ba. Da na dawo aiki bayan kwana biyu, na tarar jijiyar ta yi tauri kamar igiya tun daga bayan hannu har ta haura wuyan hannu, jikinsa ya yi rau da zazzaɓi, ga mugunya a bakin hudar. Allah ya ba shi lafiya, amma ya ƙara kwanaki a gado saboda ciwon da bai zo da shi daga gida ba. Dattijon baƙi ne sosai. Jan da nake nema a daren nan yana wurin, fatarsa ce ba ta bayyana shi yadda takardar da ke hannuna ta zata ba.

Rashin taɓa wurin laifina ne, ban ɗora wa kowa ba. Sai dai tun daga ranar nake duba ma'aunin da muke amfani da shi da wani ido daban, kuma a kansa nake son mu yi magana.

Kun fi ni sanin ciwon, amma tunda wasiƙar a buɗe take, majinyata da masu jinyarsu ma za su karanta, bari in ɗan fayyace. Abin da kuke kira filebaitis kumburi ne na bangon cikin jijiyar jini. Wannan bango siriri ne ainun, ba ya jure wahala. Wani lokaci robar kanular ce take gogarsa, musamman in ta yi wa jijiyar girma ko an sa ta a gaɓa inda hannu ke lanƙwasawa dare da rana. Wani lokaci maganin ne yake ƙona shi. Jinin mutum a ma'aunin pH, mai nuna yawan tsami ko kanwar abu, yana tsakanin 7.35 da 7.45, bankomaisin kuwa yana tsakanin 2.5 da 4.5, fenitoyin yana kaiwa 12. Haka fotasiyam, da amiyodaron, da eritromaisin, da ruwan suga mai kauri da ya wuce kashi 10 cikin 100, duk suna cin jijiya. Na uku, wanda ya fi ba mu tsoro, shi ne ƙwayar cuta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kanula kuwa tsaga ce muka yi wa fata da hannunmu, muka bar ta a buɗe har cikin jini. Ƙwayar da ake kira Staphylococcus aureus tana zaune a fatar mutane da yawa ba ta cutar da su, amma in ta bi kanula ta shiga jini tana iya sauka a zuciya ko a ƙashi, tana kuma iya kisa. A gefen gado waɗannan ukun kama ɗaya suke farawa da ita: zafi, ɗumi, kumburi, daga baya tauri. Ba ka iya rantsuwa a kan wanne ne a ranar farko, shi ya sa ganewa da wuri take da nauyi haka.

Ma'aunin da yawancinmu muka sani shi ne wanda Andrew Jackson, ma'aikacin jinya a Ingila, ya fitar a 1998, mai hawa daga 0 zuwa 5. Ba na raina shi ko kaɗan. Kafin a samu irinsa, kowa da abin da yake rubutawa, wasu ma ba sa rubuta komai. Shi ya ba mu harshe ɗaya da za mu miƙa aiki da shi tsakanin mai tashi da mai karɓa. Amma ku dubi yadda aka gina shi. Maki 1 shi ne ɗan zafi ko ɗan ja, kuma hukuncinsa a lura. Maki 2, inda ake cire kanula a sake wuri, sai an samu biyu daga cikin uku: zafi, ja, kumburi. To majinyacin da fatarsa take nuna ja, da zarar zafi ya haɗu da jan ya kai 2, an cire masa. Wanda fatarsa ba ta nunawa kuwa zai zauna a 1 da zafinsa, sai hannun ya kumbura kafin takarda ta yarda da shi. Ciwo iri ɗaya, jijiya iri ɗaya, amma ɗaya an cece shi da wuri, ɗaya an bar shi yana jira. Ma'aunin ƙungiyar ma'aikatan jinya masu ƙarin ruwa ta Amurka, mai hawa daga 0 zuwa 4, shi ma matakinsa na farko ja ne, ko da zafi ko babu.

A baƙar fata, abin da nake gani da idona yanzu da na koyi nema shi ne wurin ya ƙara duhu, ko ya yi wani sheƙi, ko ya ɗan koma ruwan makuba, kuma sai ka jera hannu biyu kusa da juna cikin haske mai kyau kafin ka lura. Da dare, da fitilar da aka rage don marasa lafiya su yi barci, ba a ganin komai. Abin da ba ya ɓuya shi ne ɗumi a bayan yatsunka, da yadda mutum yake janye hannu in ka danna a hankali ka bi jijiyar sama. Ina roƙonku, duk binciken da za ku yi a kan ma'aunin gane wannan ciwo, ku rubuta launin fatar waɗanda aka duba, ku faɗa mana yadda ma'aunin ya yi aiki a kan kowane launi. Ku gwada wanda ya sa zafi da ɗumi da tauri a gaba, ku ga ko zai riga na yanzu kama ciwon. Mutanen duniya masu duhun fata ba 'yan kaɗan ba ne da za a ce a yi musu ƙarin bayani a ƙasan shafi.

Wannan ma reshe ne na wata matsala da ku da kanku kuka tono. A 2014 Gillian Ray-Barruel da abokan aikinta a Ostireliya suka tattara bincike 233 da aka yi a kan wannan ciwo, suka tarar da ma'aunai daban-daban har 71, kuma babu ko ɗaya da aka gwada ingancinsa gwaji cikakke. Yawan ciwon da aka ruwaito ya tashi daga babu ko ɗaya har zuwa kashi 91 cikin 100. Ranar da na karanta wannan na daɗe ina jinjina shi. Ashe in wani ya ce filastarsa ta rage kumburin jijiya, wani ya ce tasa ba ta rage ba, mai yiwuwa ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba. Wannan yana lissafa ɗan zafi kaɗai, wancan sai ya ga igiya. Ana kuma gaya mana cewa abin da za a lamunta shi ne kada ciwon ya wuce kashi 5 cikin 100 na majinyata. Kashi 5 da wane mudu? Ɗakin da ma'aikatansa ke dubawa da gaske, suna rubuta duk abin da suka gani, shi zai fito da adadi mai yawa a ce ya gaza. Ɗakin da ba a dubawa zai fito fes. Na ga yadda wannan yake kashe wa ma'aikaci mai gaskiya gwiwa. Shekara goma ke nan da ɗoriya da fitowar wancan bincike. Ku zauna ku daidaita a kan ma'ana ɗaya da ma'auni ɗaya, wanda in ma'aikata biyu suka duba hannu ɗaya a sa'a ɗaya za su rubuta lamba ɗaya. Ban ga amfanin ma'auni na 72 ba in ba a yi wannan ba.

Sai maganar da ta fi kowace raba kanmu a wurin aiki, wato yaushe ake canza kanula.

Da muka fara aiki, doka ce: kwana uku, ko huɗu in ta yi nisa, a cire a sake huda wani wuri, ko da lafiyarta ƙalau. Ƙa'idar cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta 2011 ta ce ba sai an canza wa manya kafin awa 72 zuwa 96 ba, yara kuma sai in akwai dalili, ta bar maganar barin ta manya har sai dalili ya zo a matsayin abin da ba a warware ba. Sai a 2012 mujallar Lancet ta buga aikin Claire Rickard da tawagarta. Majinyata 3,283 a asibitoci uku na jihar Kwinsland ta Ostireliya, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya ana canza musu duk bayan kwana uku, ɗaya kashin sai an ga dalili. Kumburin jijiya ya fito kashi 7 cikin 100 a nan, kashi 7 cikin 100 a can. Mutum ɗaya ne kaɗai kanula ta jawo wa cutar jini, shi ma yana cikin waɗanda ake canza wa a kan lokaci. Nazarin ƙungiyar Cochrane, mai tattara gwaje-gwajen lafiya, wanda Joan Webster ta jagoranta, a sabuntawarsa ta 2019, ya haɗa gwaje-gwaje 9 da mutum 7,412 ya iske babu wani bambanci bayyananne a kumburin jijiya ko cutar jini, ko da yake toshewa da tsiyayar ruwa cikin tsoka sun ɗan ragu a wurin masu canzawa a kan lokaci. Ƙa'idar Ingila ta 2014 ta koma kan canzawa in akwai dalili, ƙungiyar Amurka da na ambata ita ma haka.

Na yi murna da wannan sakamako, har yanzu ina yi. Duk wanda ya taɓa neman jijiya a hannun tsohuwar da aka huda sau goma, tana kawar da kai tana hawaye, ya san darajar kanula ɗaya mai aiki. Cire lafiyayya don kawai kalanda ta ce a cire zalunci ne ga jijiyoyin da ba su da yawa.

Amma akwai sharaɗin da yake ɓacewa a hanya tsakanin mujalla da gefen gado. A binciken Kwinsland, akwai ma'aikatan jinya na bincike da suke zagayawa kullum suna duba kowace kanula. "Sai an ga dalili" yana nufin akwai mai gani. Da maganar ta iso wurinmu, rabinta na farko ne ya iso da ƙarfi, wato ba sai an canza ba, rabin na biyu ya zo a raunane. Ku dubi abin da ya faru a asibitocin jami'ar Jeneba ta ƙasar Suwizalan. A 2018 suka bar canzawa duk awa 96 suka koma kan dalili. Cutar jini mai nasaba da kanula ta ninka kusan sau bakwai. A ƙarshen 2019 suka koma tsohon tsari, adadin ya sauko. Niccolò Buetti da abokansa suka buga wannan a 2021, bayan sun bi kanula fiye da 400,000. Na san ba gwajin ƙuri'a ba ne, na san kuma cutar jinin ko a lokacin da ta ƙaru ba ta zama ruwan dare ba. Amma ya nuna abin da gwaji mai mutum dubu uku ba zai iya kamawa ba, domin cutar jini daga ƙaramar kanula ba ta cika faruwa ba. Lissafin Dennis Maki na 2006 ya sa ta wajen kanula ɗaya cikin dubu. Ɗaya cikin dubu kaɗan ne a ɗaki guda, amma Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta fitar da ƙa'idarta ta farko a kan wannan a watan Mayun 2024, ta ce majinyatan da aka kwantar har kashi 70 cikin 100 suna buƙatar kanula. In ka buga ɗaya cikin dubu da wannan taro, mutane ne masu yawa.

Ni a ganina binciken biyu ba sa karo da juna. Tambayar da ta rage ita ce wane irin ɗaki ne zai iya ɗaukar tsarin dalili ba tare da ya cutar da mutane ba. Ƙa'ida ta ce a duba kanular babba aƙalla duk awa huɗu, wanda ba ya cikin hayyacinsa ko yake cikin mawuyacin hali duk awa ɗaya zuwa biyu, jarirai da yara duk awa. Wannan daidai ne a takarda. Ma'aikaciyar da take riƙe da gado huɗu za ta iya. Wadda take riƙe da gado ashirin ko talatin da dare ita kaɗai fa? Ku gwada mana wannan. Ku yi gwajin a ɗakunan da ma'aikata suka yi ƙaranci, ba tare da kun turo mai zagayawa na musamman ba, ku faɗa mana gaskiyar abin da ya fito. In ya tabbata cewa irin waɗannan ɗakuna sun fi tsira da tsayayyen wa'adi, ku rubuta haka ƙarara, kada ku bar mu da jumla ɗaya da aka ɗinka wa kowa.

Ba zato nake yi ba game da rashin dubawa. Binciken da Evan Alexandrou ya jagoranta, wanda aka buga a 2018, ya leƙa kanula 40,620 a ƙasashe 51. Kashi 36 cikin 100 babu rubutun cewa an duba su a ranar. Kusan rabi babu ranar da aka sa su ko lokacin. Kashi 10 suna yi wa masu su ciwo ko suna da alamar kumburin jijiya, kuma suna nan a hannu ba a cire ba. Filastar kashi 21 ta lalace. Wanda ya fi taɓa ni shi ne kashi 14 da ba a amfani da su sam, an bar su ne kawai ko za a buƙata. Mutum ya koma shan magani ta baki tun shekaranjiya, roba tana nan cikin jijiyarsa tana jiran ranar da ba za ta zo ba. Babu sabuwar na'urar da za ta kai cire wannan kanula rage ciwo, kuma ba ya cin ko sisi. Amma bincike a kan yadda za a sa ma'aikata su riƙa tambayar kansu kowace safiya ko har yanzu ana buƙatarta bai samu gatan da kayan sayarwa suke samu ba. Ina so in ga kun ba shi ƙarfi daidai da su.

Wancan binciken ya kuma gano kashi biyu cikin uku na kanulolin an sa su ne a bayan hannu, ko wuyan hannu, ko lanƙwasar gwiwar hannu. Tun ran gini ran zane. A nan jijiya ta fi fitowa, a nan muke samu cikin sauri, amma a nan ne kuma robar take motsi duk lokacin da mutum ya ci abinci ko ya juya a gado. Da aka sake nazarin bayanan gwajin Kwinsland a 2014, an ga na sangalin hannu, tsakanin wuyan hannu da gwiwa, sun fi daɗewa ba su toshe ba, an kuma ga babbar kanula, lamba 18 koriya da abin da ya fi ta, ta fi jawo kumburi, mata kuma sun fi maza kamuwa. Tun da na san haka, in ba jini za a ƙara da gaggawa ba ko tiyata za a shiga, ruwan hoda lamba 20 nake nema, a sangali, ko da zai ɗauke ni minti biyu fiye da da. Wadda aka sa cikin gaggawa kuwa, lokacin da ceton rai ya hana a tsaya tsabtace fata yadda ya kamata, ƙa'idar CDC ta ce a canza ta cikin awa 48. Ta dattijona irin wannan ce, kuma babu wanda ya rubuta a jikin filastar inda aka sa ta ko yaushe.

A kan kayan aiki ba ni da ƙorafi mai yawa, kun yi ƙoƙari. Tun 1991 Maki da Ringer suka nuna a kan kanula 1,054 cewa ta roba mai laushi, poliyuretan, ta fi ta Teflon sauƙi ga jijiya da kusan kashi 30 cikin 100. A 2021 wani gwaji a Faransa mai mutum 1,000 ya nuna goge fata da kuloheksidin mai haɗe da sifirit ya fi aidin mai haɗe da sifirit: ƙwayoyin cuta sun kama kashi 1 cikin 100 na kanulolin da aka auna a ɓangaren farko, kashi 17 a na biyu. Wannan sakamako ne da ma'aikaci zai iya ɗauka ya yi aiki da shi gobe da safe, in dai ya bar wurin ya bushe kafin ya huda, kuma bai sake kai yatsa ya lalubi jijiyar bayan ya goge ba. Filasta ce har yanzu ba a gano bakin zarenta ba. Gwajin Rickard na 2018 ya kwatanta hanyoyi huɗu na rufewa da ɗaure kanula a kan mutum 1,807, har da mai gam na musamman, duka huɗun suka gaza tsakanin kashi 38 zuwa 43 cikin 100. Na ji daɗi da aka buga wannan duk da bai ba kowa nasara ba, don ya hana a sa mu sayen abu mai tsada a kan alkawarin da ba a tabbatar ba. Ku ci gaba da buga irinsa. Amma kanula huɗu cikin goma su lalace kafin a gama magani, wannan ba adadin da za a saba da shi ba ne.

Akwai kuma ciwon da yake fitowa bayan an cire. Webster ta bi majinyatan gwajin Kwinsland awa 48 bayan cire kanula, ta sami mutum 59 da kumburin jijiya, kuma 15 ne kawai daga cikinsu suke da shi a lokacin cirewar. Sauran hannunsu lafiya lau aka gan shi. Da yawa daga irin waɗannan mutane an riga an sallame su, suna gida, babu wanda ya gaya musu abin da za su lura da shi. Wani zai ɗauka targaɗe ne ya yi ta murzawa. Duk gwajin da ya rufe littafinsa a ranar da aka zare kanula ya bar waɗannan a waje. Ku riƙa bin mutane kwana biyu zuwa huɗu bayan cirewa, ko ta waya ce, ku kuma taimaka mana da gajerun kalmomi da aka gwada aka ga mutane suna ganewa, waɗanda za mu faɗa wa majinyaci a bakin ƙofa: in wurin ya yi zafi, ko ɗumi, ko tauri, ko ka ji zazzaɓi, ka dawo a ranar.

Wannan ya dawo da ni kan dattijon. Shi ne ya fara gano ciwonsa, kwana biyu kafin ni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A yawancin takardun da na karanta, majinyaci hannu ne da ake dubawa, ba a cika ɗaukarsa mai ba da shaida ba, alhali shi da mai jinyarsa ne kaɗai suke tare da kanular awa 24. Da yawa kuma ba sa faɗa. Suna ganin ai allura dole ta yi zafi, ko suna jin nauyin kiran ma'aikaciyar da suka ga tana ta kai da kawo, ko suna tsoron a sake huda su. Ina so ku gwada abin da zai faru in tun ranar farko aka gaya wa mutum cewa kanula mai lafiya ba ta ciwo, in ya ji zogi ya yi magana, kuma maganarsa kaɗai ta isa a zo a taɓa, a tsayar da ruwan, a duba. Ku auna ko hakan yana rage masu kaiwa matakin igiya da zazzaɓi. Ku haɗa da waɗanda ba sa iya faɗa da baki, jarirai da tsofaffin da tunaninsu ya raunana da wanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa jin hannu, ku gaya mana abin da za mu dogara da shi a kansu.

In za ku tsara irin waɗannan gwaje-gwaje, ku kira ma'aikatan da ke aikin dare su zauna da ku tun daga farkon shiri, ku ji yadda ake duba hannu da ƙarfe uku na dare. Ni dai tun daga kan dattijon nan, duk wanda ya ce mini wurin kanularsa yana ciwo, nakan wanke hannu in sa safa, in jera hannayensa biyu, in taɓa, in bi jijiyar da yatsa. In zafin yana nan, ko na ji ɗumi, nakan cire in nemi wani wuri ko ban ga ja ba, in rubuta dalilina da kalmomi a gefen makin. Ina yin haka ne da abin da idona ya gani, ba ni da gwajin da zan nuna. Ina jiran ku ba ni shi, ko ku nuna mini inda na yi kuskure in gyara.

Allah ya ƙara muku basira, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Taku a cikin aiki,
Wata ma'aikaciyar jinya.